Babban Yatsan Ɗan Albasa

Daga Goronyo har Rabah babu mai babban yatsa irin nawa. In na danna albasa sau ɗaya, na san wadda ta ruɓe ta ciki, na san wadda za ta kai damina. Tsoro kuwa ban san gidansu ba.

Ɗiyata ta fari da rami a zuciya aka haife ta. Tana shekara bakwai aka yi mata aiki, aka toshe. Muna cikin murna sai zuciyar ta riƙa sukuwa kamar kalangun biki. Likita ya ce akan samu haka bayan irin wannan aiki. Ya ba da magani, ya ce kowace safiya a ƙirga bugun a wuyan hannunta na minti ɗaya. Ya rubuta adadin da in ta wuce shi a kawo ta, domin in magani bai riƙe ba, sai an sake shiga da ita ɗakin aiki.

Na hana uwarta ƙirgar. Na ce wannan aikin masu yatsa ne.

Kullum in danna, kullum lissafi na hawa. Yarinya kuwa na korar awaki, tana share kwanon tuwo. Uwar ta ce ita dai lafiya take gani, na ce ido bai san albasa ba. Ranar kasuwa lissafi ya tsallake adadin likita. Na bar buhuna a rana, na ɗauki shatar mota zuwa Sakkwato, ina salati har direba ya haddace.

Aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda. Likita ya duba, ya ce bugu ya miƙe kamar kunyar gona, magani ya ci, babu zancen sake aiki. Na yi sujada a kan siminti. Har rawa ma na so in yi.

Kafin mu fita daga asibitin, wata dattijuwar nas ta ce in gwada mata yadda nake ƙirgawa. Na danna babban yatsa kamar yadda na saba a kasuwa. Ta ɗage shi a hankali, ta ce da yatsu biyu ake yi, shi wannan yana da nashi bugun.

"To mi nika ƙirgawa wata guda?" na ce.

"Tsoronka, Alhaji. Ɗiya ta warke. Kai za mu ba gado."