Dakashina A Cikin Kwata

Maman Nusaiba, wani mafarki na yi jiya da daddare, har yanzu raina a ɓace yake. Kin san cikina ya shiga wata tara, kuma Hajiya, uwar mijina, ta riga ta yanke hukunci: in na haihu dakashi, nonon farkon nan, tatsewa za a yi a zubar, wai ƙazanta ne, jariri ya sha ruwan dabino har kwana uku.

To, sai na gan ni a wani gari mai lunguna jawur, ko'ina ɗumi. Ba wanda ya gaya min, amma na san cikin nonona nake. Ga wasu ƙananan ma'aikata farare tas, ba su da fuska, suna ta haƙa magudanai, wasu na kwashe shara suna haɗiyewa. Na ce, "Ku kuma su wa?" Ko kallona ba su yi ba. Sai kawai muryar malamar asibitin da nake zuwa awo ta fito daga bango, wai ƙwayoyin garkuwar jiki ne, tun ina budurwa suke gyara hanyar nono, yanzu kuma dakashi za su shiga su bi jariri su tsare shi.

Sai kawai ga ni a tsakar gidanmu. Ma'aikatan nan sun cika ƙwarya da nono rawaya mai kauri, su ma suka faɗa ciki ɗaya bayan ɗaya. Jariri na kan tabarma yana tsala kuka. Na miƙa hannu zan ɗauki ƙwaryar, Hajiya ta riga ni. Ta shinshina, ta yatsine fuska, ta tuttule shi a kwata. Wallahi ina kallonsu suna bin ruwan wanke-wanke! Aikin shekara da shekaru fa! Maigidan yana tsaye yana danna waya, ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Na buɗe baki in ce jikina ne, ɗana ne, murya ta ƙi fita. Sai ma Hajiya ta miƙo min ƙwaryar, wai in wanke. Ni kuma, don takaici, na durƙusa na karɓa hannu biyu.

Na farka ina huci, gaban rigata da ɗan danshi rawaya-rawaya, ashe har ya fara zuwa. Don Allah, ke da kika haifi huɗu, me wannan yake nufi? Gargaɗi ne in buɗe baki tun yanzu, ko nuna min aka yi cewa ranar ma shiru zan yi?