Shatin Haƙoran Kawu

Jiya ina kwashe kaya a garaji na ci karo da dogon turnabis ɗin Kawu, wato sukudireba, shatin haƙoransa na nan a ƙotar.

Da tsufa kurumta ta kama shi, ya daina zuwa aikin gyaran mota da muke yi tare. Ana nan aka kawo mini tsohuwar jar motar tsere, irin waɗanda Turawa suka bari a Agadez. Ƙarfinta ya ragu, da safe tana kas-kas. Na canza buji, wato fulogi, na duba ko'ina, na rasa ciwon. Sai na je gida na roƙe shi.

Ya ce, "Ɗana, me kurma zai jiyo maka?"

Amma ya biyo ni. Ya sa na tada ita da sanyinta, ya dafa bakin turnabis a gaban inji, ya ciji ƙotar, ya lumshe ido yana sauraron injin ta haƙoransa. Ina kallon gemunsa yana rawa.

"Sarƙar cikin injin ce ta saki. Buɗe."

Na buɗe, ga ta kuwa ta yi sako-sako. Da muka sa sabuwa, shi ya ja motar a hanyar Aderbissinat, yana dariya, rawaninsa na kaɗawa. Bai sake zaman gida ba har rasuwarsa.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, ya haskaka kabarinka.