Safiyar da Baba Ya Naɗe Tabarmata

A ƙauyenmu kusa da Kafanchan, lokacin haƙar citta, da an ci tuwon acca sai mu kewaye murhun Kaka, uwar babana. Yara kan yi rige-rigen zama kusa da ita. Ni can baya nake raɓewa, don na kai shekara tara ina fitsarin kwance, kuma na san ana jin zarnin a jikina.

An gwada komai. An hana ni ruwa tun la'asar, an ɗaura mini kwaɗo a ƙugu, fasto ya ɗora mini hannu. Wata yamma Baba ya ce in na sake, zan ɗauki jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka in zaga unguwa, yara na bi na da waƙa. Na zauna ina roƙon Allah kada barci ya zo.

Kaka ta ɗaga murya ta kira Baba. "Bulus, jawo kujera. Tatsuniyar yau ta manya ce."

Ta ce wani mutum ne ya sayi sabuwar randa ya cika ta, da safe ya tarar ƙasa a jiƙe. Ya ce randar ta raina shi. Kullum sai ya ƙwanƙwasa ta da muciya, ya kira maƙwabta su ga randar banza. Matarsa ta ce sabuwar randa dama takan yi tsattsafo, a shafe cikinta da kunu a ba ta lokaci. Ya ƙi. Ran nan da ya ƙwanƙwasa, sai ta tsage.

"Sai me, Kaka?" in ji ƙanwata.

"Sai ƙishi," ta ce, idonta a kan Baba. "Kai taka tabarmar wa ya shanya har ka shiga aji biyar?"

Da safe tabarma ta jiƙe. Ina kwance na ji takun Baba. Ya naɗe ta, ya kai bayan rumbu ya shanya da kansa. Sai bayan shekara biyu abin ya bar ni.

Yanzu 'yata ce ke fama. Likita ya ce ba ganganci ba ne, mafitsara ce ba ta gama ƙwari ba, na kuma yarda. Duk da haka, makon jiya na ji bakina yana cewa zan gaya wa ƙawayenta. A nan na gane ba mugunta ce ta kama Baba ba, tsoro ne da rashin sanin abin yi. Ta tsaya tana kallona a gefen jiƙaƙƙen zanin gadonta.

Na ce, "Kama ɗaya bakin zanin, mu cire tare."