Malam Labbo da Haruffan Yamai

Malam Labbo bai taɓa wuce Gusau ba, amma duk wanda ya dawo Ƙaura Namoda da takardar shaidar karatu daga ƙasar waje, rumfarsa yake nufa, nan kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Faransanci a bakin wani maƙwabcinsa ɗan Maraɗi ya tsince shi, Larabci kuwa a zaure. Aikinsa shi ne warware gajerun haruffan nan da ake jerawa a kan takardun, ya rubuta ma'anarsu yadda ma'aikatan ofis za su gane.

Sai dai yana da hali guda: ba ya ɗaukar biro sai an ba shi labarin garin da aka yi karatun.

Ran nan Nazifa, 'yar ƙauyen Sakajiki, ta kawo tata takardar daga Yamai, da haruffa uku a sama: BTS. Sauri take, motar gida na jira.

"Baba, layi ɗaya ne fa."

"Na sani, ɗiyata. Mi kike gani in kin fito aji?"

Ta haɗiye tsaki, sannan ta faɗa masa: kogi, gada, masunta na jan koma da la'asar, ƙanshin soyayyen kifi. Ya lumshe ido, ya daɗe a haka, har ta daina kallon agogo.

Da ya buɗe, ya rubuta a hankali: babbar shaidar koyon sana'a, bayan sakandare.

Ta tafi. Shi kuwa ya juya kujerarsa wajen layin dogon da ciyawa ta cinye, ya ce wa mai shayin da ke gefen rumfarsa, "Yau a Yamai na yini."