Muryar Yayana a Cikin Kwamfuta

Yayana ne ya buɗe shagon intanet ɗinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Shi ya rubuta manhajar da ke lura da lokacin masu hawa intanet, ya kuma naɗi muryarsa ya saka a ciki. Lokacin mutum na cika sai a ji shi ta sifika: "Malam, a taimaka a tashi, akwai masu jira." Tsiya muke masa, mu ce ko ladan bai kai shi son lasifika ba.

Hatsarin mota ya ɗauke shi yana saurayi, ko aure bai yi ba. Shago ya dawo hannuna, murya kuma ta ci gaba da tashin mutane. Ni tsoronta nake ji, ba na ɓoyewa. In ta yi magana ina shara da safe, sai in saki tsintsiya in waiga. Inna kuwa, mahaifiyarmu, duk Juma'a sai ta taso daga Tarauni ta zauna a benci, wai ta zo ganin yadda kasuwa take. Kowa ya san abin da ya kawo ta.

Da kwamfutocin suka fara ciwon tsufa, na samo faifan sabon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta na ɗora musu. Komai ya tashi ban da manhajar yaya. Dole a sake harhaɗa ta daga rubutun da ya bari, ita kuwa ta ce atafau. Ƙananan manhajojin da ta jingina da su an sauya su, wasu ma an cire. In na toshe nan, can ta ɓalle. Allo ya cika da ƙorafi, ni kuma na cika da haushi, har na zagi mamaci a zuci, na dawo ina istigfari.

Juma'a ta zo, shago shiru. Inna ta zauna, ta jira, ta tashi ba ta tambaye ni komai ba. Da ma faɗa ta yi min, da ya fi sauƙi.

Wani Inyamuri mai gyara a Unguwa Uku ya tono min faifan tsohon tsarin a ƙasan kwali. Na ciro tsofaffin manhajojin, na ajiye su gefen sababbi, na nuna wa manhajar yaya inda za ta same su. Sai ga shi ta harhaɗu. Sai dai sabon tsarin yana jan sautin a hankali. Muryar ta fito da kauri, tana jan kalmomi, kamar ta dattijo mai furfura. Na san gyaran, layi ɗaya ne a rubutun, amma kafin in taɓa Inna ta shigo.

Lokacin wani ya cika, dattijon ya yi magana. Inna ta dafa bango.

"Inna, kuskure ne," na ce. "Yanzu zan gyara."

"Sake kunna shi."

Na kunna. Ta saurara har ƙarshe, ido a rufe.

"Ashe haka zai yi in ya tsufa," ta ce. "Bar min shi haka, ɗan nan. Wannan ban taɓa jin sa ba."