Adda Rabi da Kalmar Riƙo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Adda Rabi, lauya a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma bana, Allah Ya gani, haushinta nake ji fiye da kewarta.

Mahaifinmu mahauci ne. Tana ƙarama aka kai ta riƙo wurin goggonmu a Bibemi, can ta yi makaranta, ta ƙara Fulatanci da Faransanci a kan Hausar gida. Da aikin tafinta ta fara a kotu, nan ta ga abin da ya hana ta sakat. Mace za ta ce ta ba ƙanwarta riƙon ɗa, wani tafinta ya juya wa alƙali cewa ta bayar da shi ta yafe. Shi ke nan, uwa ta rasa ɗanta a kan kalma ɗaya. Takaicin wannan ne ya kai ta Yawunde karatun lauya da goyo a baya, ta dawo ta kama shari'ar iyali: saki, gado, da rigimar wa zai riƙe yara. Ta sha tsayar da zaman kotu don a gyara fassara. Dangi kuwa cewa suke tana tallan asirin gidajen mutane.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta ba ni riƙon 'yarta Ummi, ni da ban taɓa haihuwa ba. Sun rabu da uban, Malam Sale mai fataucin kifi a Tibati, kuma a lokacin ba shi da matsuguni. Bana ya zo neman 'yarsa cikin ladabi. Dangi suka hana, magana ta kai kotu.

Sai ga masu zaginta jiya kowa ya zama lauya. Kawu Bello ya zaunar da ni ya ce, "Ke dai ki ce ta ba ki. Da Faransanci duk ɗaya ne, wa zai tantance?" Har da cewa hakan ne zai faranta wa marigayiya. Ita da a gabanta aka yi wannan maganar, da sai Kawu ya nemi ƙofar fita ya rasa.

Ina son yarinyar nan kamar raina, kuma na shiga kotu da niyyar bin shawarar Kawu. Da alƙali ya tambaye ni, sai na ji bakina ya ce riƙo ne. Tafinta ya karkatar da fassarar, na ma gyara masa.

Ofishinta yau shagon cajin waya ne, baƙar rigarta ta aiki tana ƙasan akwati. Taurin kanta kawai ya rage, shi ma a kaina ya sauka. Ummi za ta tafi Tibati da an yi hutu, ina nan ina ɗinka mata kaya.

Allah Ya jiƙan ki, Adda. Kin bar mini 'ya, kin kuma bar mini bakin da ya mayar da ita.