Ranar da Na Je Cocin da Ba Ya Taɓa Ƙasa

'Yan gidanmu na Zariya, ga labarin da na yi muku alkawari. Bakina ne ya jawo min. Wata Baturiya 'yar ajinmu, Lusi, ta kawo hoton cocin ƙauyensu na Ingila, na dutse, mai hasumiya da ƙararrawa, wai ya shekara ɗari takwas. Aji ya ɗauki "kai!" Ni kuwa na ce wannan ai jariri ne, a nan Alkahira akwai kakansa. Malam ya ce in kawo hujja ran Lahadi, ranar da ake komawa makaranta a nan, da hoton da na ɗauka da hannuna, ko in tsaya gaban aji in ba ta haƙuri. Ni da ban taɓa leƙa coci ba!

Madinat Nasr, 6:10 na safe

Ran Asabar Anti Saratu, abokiyar aikin Baba, 'yar Kafanchan, ta zo ta ɗauke ni, za ta kai ni wani tsohon coci da ta sani. Direban mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ya cusa mu kamar kayan gwanjo, yana ta "Yalla, yalla!", wato maza-maza. Gwiwata ta isa tashar Abbasiya kafin ni.

Metro, 7:05

Muka shiga taragon mata na jirgin ƙasa, muka canza layi sau ɗaya. Na cinye ta'amiyya, ƙosan Masar, guda uku a tsaye.

"Anti, in cocin bai tsufa ba fa?"

"Sai ki fara koyon ban haƙuri da Turanci, Ummi."

Mar Girgis, 8:00

Ashe sai tara ake buɗe cocin. Awa guda muna gadin ƙofa. 'Yan sanda suka binciki jakata kamar na ɓoye raƙumi, suka tarar da biro da rabin burodi.

Muka hau matakala, na ƙirga ashirin da tara. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi kamar yadda na saba a masallaci. Turawa shida da ke bayana suka tuɓe nasu. Anti ta yi dariya har da riƙe bango.

Ciki kuwa, rufin katako ne kamar jirgin ruwa da aka kife. Ga mumbarin marmara a kan siraran ginshiƙai, ga allunan baƙin katako da aka yi wa ado da hauren giwa, zanen taurari irin na ƙofar masallaci. Amma duk wannan Lusi za ta iya cewa su ma suna da kamarsa.

Sai wani dattijo mai kula da wurin, Ammu Butros, ya nuna min wani gilashi a daɓe. Na leƙa, na ga rami! Ashe a kan ƙofar ganuwar Rumawa aka ɗora cocin, ba ƙasa a ƙarƙashinsa, kuma ya haura shekara dubu a haka. Na kwanta rub da ciki ina ɗaukar hoto. Wata tsohuwa ta zaci suma na yi, ta yayyafa min ruwa tana "Ma'alish, ya binti!", wato sannu, 'yata.

Gida, 12:40

Ban jira Lahadi ba. Ko hijabi ban cire ba na tura hoton zauren ajinmu na waya: "Lusi, naku a ƙasa yake zaune. Namu a sama, shekara sama da dubu."

Minti biyu ta amsa: "Za ki kai ni?"

Malam ya rubuta, "Tamam," wato ya yi daidai.

Alhamdulillahi. Anti Saratu, Allah ya saka. Asabar mai zuwa ni ce jagora, kuma sai Lusi ta tuɓe takalmi.